Mutum nawa zai kayar? Lissafin ɗan kokowa da makomar ayarin Diffa a gasar takobi

Da zarar sanyin hunturu ya fara kaɗawa daga bakin Komadugu, hirar fada a garin Diffa takan koma kan kokowa. A makon jiya na zauna a wata fada kusa da babbar kasuwa, ana jiran shayi na biyu, sai gardama ta kaure tsakanin wani saurayi mai gyaran waya da wani dattijo dillalin tattasai. Saurayin ya rantse cewa gwaninsa, wanda yake yi wa kallon jagoran ayarin jiharmu, zai kayar da mutum bakwai cif a zagayen farko na gasar takobi. Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce: "Yaro, in ya kayar da huɗu bai taɓa ƙasa ba, ni zan sayi sukarin fadar nan har wata guda." Saurayin ya ce: "Haba Baba, huɗu kuma? Ai raina shi ka yi."

Dattijon bai raina kowa ba. Shekarun da ya kwashe yana bin gasar a rediyo sun koya masa abin da lissafi ma yake nunawa. Irin wannan gardama ana yin ta a Maine-Soroa, ana yin ta a N'Guigmi da Gudumariya, kuma ba ta tsayawa a baki kawai. Idan aka ɗora wa ɗan kokowa burin da ya fi ƙarfin kowane ɗan Adam, ranar da ya faɗi sai a ce ya sayar da kokowa, a bi shi da zagi har ƙofar gidansu. Shi ya sa ya dace mu zauna mu duba: mutum nawa ya kamata a sa ran gwani zai kayar, kuma me hakan ke nufi ga ayarin Diffa baki ɗaya?

Yadda gasar take tafiya

An fara gasar kokowar gargajiya ta ƙasa a Tawa a shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, kuma Yacouba Kantou na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobi. Tun daga lokacin gasar ke zagayawa jiha-jiha. A tsarin da ake bi yanzu, jihohi takwas ne ke shiga: Agadas, Diffa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa, Tillaberi da Damagaram. Kowace jiha tana fitar da ƴan kokowa 10 a fili, da wasu na ajiya saboda rauni ko rashin lafiya. Ke nan mutum 80 ne ke fara neman takobi ɗaya.

A zagayen farko kowace jiha tana karawa da sauran bakwai. In ka lissafa, haɗuwa 28 ke nan tsakanin jihohi, kowace haɗuwa da kokowa 10, jimilla 280. Ayarin Diffa yana da kokowa 70 a ciki, kowane ɗan kokowa kuma yana da bakwai. Babu ajin nauyi: ƙaramin mutum zai iya faɗawa hannun ƙato, gwargwadon yadda ƙuri'a ta haɗa su.

Abin da ya bambanta wannan gasa da ƙwallon ƙafa shi ne ƙa'idar faɗuwa. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da a ranar farko ne, ko da shi ne sarkin bara. Zai ci gaba da kokowa domin jiharsa, amma takobi ya wuce shi sai baɗi. Wanda ya yi canjaras kuwa yana nan da ransa. Bayan an gama zagayen farko, waɗanda ba su taɓa ƙasa ba su ne ke karawa da juna har a kai karon ƙarshe, a naɗa sarki, a ba shi takobi da doki da riga da rawani da kuɗi.

To a nan akwai gasa biyu a cikin ɗaya. Ta farko ta mutum ɗaya ce, wadda ake ci da rashin faɗuwa. Ta biyu ta ayari ce, inda ake jera jihohi gwargwadon nasarorin da suka tara. Yawancin gardamar da muke yi a fada tana tasowa ne daga cakuɗa waɗannan biyun.

Bakwai cikin bakwai: me ya sa yake da wuya?

Bari mu ɗauki misali. Alkalumman da ke tafe ba na wani ɗan kokowa ba ne, na kawo su ne domin a ga yadda lissafin ke aiki. A ce muna da gwani wanda, in ya yi kokowa 10 da irin mutanen da ke zuwa gasar ƙasa, yakan kayar da shida, ya yi canjaras uku, a kayar da shi sau ɗaya. Kowa zai yarda wannan babban ɗan kokowa ne, kowace jiha za ta so ta same shi.

A kokowa bakwai, abin da ake sa rai daga gare shi shi ne kaye huɗu da ɗan ɗoriya, domin shida cikin goma na bakwai shi ne 4.2. Wata shekara zai yi biyar, wata uku. Amma ya kayar da bakwai a jere ba canjaras ko ɗaya, damar hakan ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba. Wato da za a maimaita gasar sau 100, kusan sau uku kawai za a ga abin da saurayin nan ya rantse a kai.

Sai tambaya ta biyu: zai kai ƙarshen zagayen farko bai faɗi ba? A kowace kokowa damar tsirarsa kashi 90 ce cikin 100. Sai dai dole ya tsira yau, ya tsira gobe, ya tsira jibi. Bayan kokowa biyu damar ta sauka zuwa 81, bayan uku 73, bayan biyar 59, bayan bakwai 48. Mutumin da ake kayarwa sau ɗaya tak cikin goma, damar da yake da ita ta fita zagayen farko a tsaye ba ta cika rabi ba.

In kuma ya fita, bai gama ba. Waɗanda zai tarar a gaba su ma ba su faɗi ba, ƙarfi ya zo ɗaya. In muka ce kowace karawa raba-daidai ce, kuma saura masa biyu kafin takobi, kashi 48 ɗin nan ya koma 12. In uku ne, ya koma 6. Wannan shi ne ainihin nauyin kalmar nan da muke furtawa da sauƙi, "bana takobi namu ne".

Mai kai hari da mai tsare kai

Ƴan kokowa iri biyu ne, kuma duk mai kallo ya san su. Akwai wanda da an busa usur zai nemi kamu, ya shiga ƙugu, ya tsinci ƙafa, ya gama a cikin minti biyu ko a gama da shi. Akwai kuma mai haƙuri, wanda zai duƙa ya ware ƙafafu, ya hana a kama shi, ya jira abokin karawa ya yi kuskure.

A ce na farko, cikin kokowa 10, yana kayar da bakwai, canjaras ɗaya, faɗuwa biyu. A gasar takobi zai kawo wa jiharsa kaye kusan biyar. Amma damar ya kai ƙarshen zagayen farko a tsaye kashi 21 ce kacal cikin 100. Na biyu kuwa, a ce cikin kokowa 20 yana kayar da takwas, canjaras 11, faɗuwa ɗaya. Kayen da zai kawo bai cika uku ba, ƴan kallo ma za su yi masa ihu cewa yana gudun kamu. Amma damar tsirarsa ta kai kashi 70.

Wane ne ya fi? Ya danganta da abin da ake nema. In matsayin jiha ake so a jerin jihohi, na farko ya fi amfani. In takobi ake so, na biyu ne ke kan hanya, domin da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Sai dai shi ma yana da iyaka. Alƙalan wasa suna ba da gargaɗi ga mai ƙin kamu, gargaɗi in ya taru yana jawo asarar kokowa. Sannan a zagayen ƙarshe dole a fitar da gwani, wanda bai saba kayarwa ba a nan asirinsa ke tonuwa.

Manyan sarakunan fili sun iya haɗa biyun. Suna auna abokin karawa: in mai sauƙi ne su gama da shi da wuri su adana ƙarfi, in mai haɗari ne su karɓi canjaras ba tare da jin kunya ba. Don haka idan ka ji an ce gwanin Diffa ya yi canjaras a rana ta uku, kada ka yi saurin cewa ya gaza. Tambayi da wa ya yi.

Ƙuri'a, gajiya da waɗanda ba su da abin asara

Akwai abubuwa uku da ba a iya gani daga ƙirar jikin ɗan kokowa, amma suna yanke hukunci.

Na farko ƙuri'a. A ce kowace jiha tana da manyan ƴan kokowa biyu cikin gomanta. A kowace haɗuwa, damar gwaninmu ya faɗa hannun ɗaya daga cikinsu biyu ce cikin goma. Damar ya kauce musu duka har kokowa bakwai kashi 21 ce cikin 100. Abin da aka fi sa rai shi ne zai haɗu da babba ɗaya ko biyu. Mutum biyu masu ƙarfi ɗaya za su iya gama gasa, ɗaya da kaye shida ɗaya da uku, bambancin kawai sunayen da ƙuri'a ta fitar musu.

Na biyu gajiya da rauni. Kokowa kullum har mako guda, a kan rairayi, da sanyin safiya ko ƙurar yamma, tana cin jiki. Yatsa ya goce, gwiwa ta kumbura, kafaɗa ta riƙe. Ɗan kokowar da ya kwashe dogon lokaci yana fama da ƙato a rana ta huɗu ba shi ne wanda ya shigo fili a ranar farko ba.

Na uku shi ne waɗanda aka riga aka kayar. Tun da takobi ya wuce su, ba su da abin tsarewa. Abin da ya rage musu shi ne suna, kuma babu hanyar yin suna da ta fi kayar da wanda bai faɗi ba. Masu kuɗi da ƴan siyasa sukan yi kyauta nan take ga wanda ya yi irin wannan kaye, makaɗa su ɗauki sunansa. Shi ya sa ranakun ƙarshe na zagayen farko suka fi haɗari ga manya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Darasin Issaka Issaka

Wani zai ce: in lissafin nan gaskiya ne, ta yaya Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka na Doso, ya ɗauki takobi har shida? Uku daga ciki ma a jere ya ɗauke su: a Yamai, sannan a nan Diffa a gasa ta 43 da aka fara a ƙarshen Disamba 2022, inda ya doke Sabo Abdoulaye na Yamai a karon ƙarshe, sannan a Agadas a ƙarshen 2023.

Amsar ita ce lissafin ne ma ke nuna girman abin da ya yi. Kafin mutum ya riƙa fita zagayen farko a tsaye shekara bayan shekara, sai faɗuwarsa ta yi ƙaranci ƙwarai, ƙasa da ɗaya cikin ashirin. Irin wannan mutum ba a samunsa a kowane zamani. Kuskuren da muke yi shi ne mu ɗauki ma'aunin Issaka mu auna kowane matashin da ya yi fice a kokowar share fage ta jiha.

Shi kansa Issaka bai kuɓuta daga dokar fili ba. Tsakanin takobinsa na farko a 2015 da na shida, akwai shekarun da wasu suka ɗauka, irin su Yahaya Kaka na Tawa da Tassiou Sani na Damagaram. A Disamba 2024 kuma, a gidansa Doso, a filin da ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, gaban dubban masoyansa, Abba Ibrahim na Yamai ya raba shi da takobi a karon ƙarshe. Gaba da gabanta.

Wannan ya kawo mu ga wata magana da ake yawan yi, cewa mai masaukin baƙi ke da rinjaye. Ihun gida yana ƙara ƙarfin gwiwa, babu musu, kuma ɗan gida ba ya shan wahalar hanya. Amma mu mutanen Diffa shaida ne cewa hakan bai isa ba. A 2014 an yi gasar a nan, Yacouba Adamou ya tafi da takobi Yamai. A gasa ta 43 ma a nan aka yi, takobi ya tafi Doso.

Mutum ɗaya ba ayari ba ne

Komai ƙarfin gwani, kokowa bakwai ce tasa cikin 70 na jiha, wato kashi ɗaya cikin goma. In ya tashi daga kaye huɗu zuwa biyar, jiha ta ƙaru da ɗaya. In kuwa mutum shida na tsakiyar ayari kowanne ya ƙara kaye ɗaya a kan na bara, jiha ta ƙaru da shida. Matsayin Diffa a jerin jihohi yana hannun na biyar da na shida da na bakwai, waɗanda ba a buga hotonsu a riga, ba a kuma yi musu waƙa.

Ko a neman takobi ma, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ƴan jiha ɗaya ba sa karawa da juna a zagayen farko. Jihar da ke da gwani ɗaya mai damar tsira kashi 48 ta rataya komai a wuyansa. Jihar da ke da mutum uku, kowanne da kashi 30 kawai, damar aƙalla ɗaya daga cikinsu ya fita a tsaye ta kai kashi 66. Ga kuma wani amfanin: kowane babban ɗan kokowa da ƴan tsakiyar ayarinmu suka kayar, sun rage wa gwaninmu abokin hamayya a zagayen ƙarshe.

Masu kallon ƙwallon Turai a gidajen kallo sun san wannan. A kakar 2022-2023 Harry Kane ya ci ƙwallo 30 a gasar Firimiya ta Ingila, amma Tottenham ta ƙare a matsayi na takwas. A wasan hoki na kan ƙanƙara da mutanen Kanada ke ji da shi kamar yadda muke ji da kokowa, Wayne Gretzky ya ci 92 a kakar 1981-1982, adadin da har yau ba a kamo ba, amma aka fitar da ƙungiyarsa ta Edmonton tun a zagayen farko na neman kofi.

Bara ba bana ba ce

Saurayin fadar nan ya kafa hujja da cewa gwaninsa ya yi abin mamaki a gasar da ta wuce, don haka bana zai ɗara. Hankali yana karɓar wannan magana da sauƙi, amma sau da yawa akasin haka ake gani. Shekarar da mutum ya yi fice fiye da kima, galibi ƙwarewa ce ta haɗu da sa'a: ƙuri'a ta yi daɗi, jiki bai samu rauni ba, wani kamu da zai iya juyewa ya faɗo ta gefensa. Ƙwarewar tana nan, sa'ar ce ba a ajiye ta a aljihu.

Erling Haaland ya ci ƙwallo 36 a kakarsa ta farko a Firimiya, ta biyu 27, ta uku 22. Bai manta ƙwallo ba, kuma 27 ɗin ma ta ishe shi zama kan gaba a waccan kaka. A kokowa akwai ƙarin dalili: yanzu kowa na da waya. Kamun da matashi ya ba mutane mamaki da shi bara, masu horarwa na sauran jihohi sun kalle shi sau goma a Facebook da WhatsApp, sun shirya masa magani. Hanya mafi aminci ta hasashe ita ce a haɗa sakamakon shekara uku, a duba su wa ya kayar, su wa suka kayar da shi, da kuma shekarunsa da lafiyarsa, maimakon a rataya a kan gasa ɗaya.

Sannan a san ƙa'ida kafin a fara lissafi. A watan Oktoba 2011 ƴan wasan Afirka ta Kudu sun yi canjaras da Saliyo, suka yi ta rawa a fili suna zaton sun samu gurbin gasar cin kofin Afirka. Ashe ƙa'idar ta ce in maki ya zo ɗaya, sakamakon karawa tsakanin ƙasashen ake dubawa. Mena ce ta wuce, karo na farko a tarihi, duk da ta sha kashi 3 da nema a Masar a ranar. Mai gardamar kokowa da bai san bambancin canjaras da faɗuwa a neman takobi ba, rawar da zai yi ke nan.

Abin da ya keɓanta da Diffa

Ayarin Diffa yana ɗauke da nauyin da ba kowace jiha ke da shi ba. Ɗan kokowa a dandali yake tasowa, a wasan kaka bayan an kai amfanin gona gida, ƙauye ya ziyarci ƙauye, a kwana ana kiɗa. Tun daga hare-haren Boko Haram na ranar 6 ga Fabrairu 2015 a Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka taƙaita fitar dare. Ƙauyuka da dama na bakin Komadugu da tsibiran tafkin Chadi suka watse, mutanensu suka koma zaman gudun hijira a gefen babbar hanya ta ƙasa. Yaron da yake da shekara 10 a lokacin, shi ne yau ya kai ƙarfin shiga ayari, kuma ya tashi a shekarun da wasan dare ya yi wuya.

Tattalin arziki ma ya shiga ciki. Tattasai da bandar kifi su ne ke kawo kuɗi a wannan yanki, kuma an daɗe da taƙaita cinikinsu saboda tsaro kafin a sassauta. Ambaliyar Komadugu ta sha cinye gonaki, kamar a 2019 da 2022. Attajirin da zai ɗauki nauyin ɗan kokowa, ya saya masa nama da madara a watannin horo, daga wannan ciniki yake samu. Ga shi kuma lokacin gasar yana haɗuwa da lokacin da aikin tattasai ke kan ganiya, ban ruwa da tsinka da shanya. Matashin da zai shiga sansanin horo sai ya bar gona a hannun wani.

Sai nisa. Daga Diffa zuwa Yamai ya haura kilomita 1,300. In gasar ta faɗa yammacin ƙasa, ayarinmu ne ke kwana a hanya fiye da kusan kowa. Haka kuma ɗan kokowar da ya yi suna yakan samu tayi daga jihar da ta fi kuɗi, kuma ba a ga laifin mai iyali in ya duba inda zai ci abinci.

Duk da haka jihar ba ta rasa maza ba. Sunan Mansour Issa ya zaga ƙasar nan yana ɗauke da tutar Diffa. Kuma garin ya nuna zai iya: ya karɓi bikin 18 ga Disamba na Diffa N'Glaa a 2021, shekara guda bayan haka ya sauki ƴan kokowa da baƙi daga jihohi takwas, aka yi gasa aka tashi. Ga mutanen da aka daɗe ana ambaton garinsu a labaran hari kawai, ganin fili cike a Télé Sahel ba ƙaramin abu ba ne.

To, me za mu sa rai?

Ga wanda ke son yin gardama da hujja, ga ma'auni mai sauƙi. Gwanin da ya kayar da huɗu ko biyar ya fita zagayen farko a tsaye ya yi aikin da ake nema, ya cancanci a tarbe shi da ganga. Wanda ya kayar da biyar aka kayar da shi sau ɗaya ya yi wa jiha aiki, ko da takobi ya wuce shi. Ayari kuwa, tambayar farko ita ce: cikin kokowa 70, nawa muka ci, nawa aka ci mu, kuma ya aka kwatanta da bara? Ta biyu: mutum nawa muke da su a tsaye bayan rana ta huɗu? In biyu ne ko uku, akwai magana. In ɗaya ne, sai addu'a.

Akwai kuma aikin da ya rage wa masu ruwa da tsaki a jiha, daga shugabannin kokowa zuwa ƴan kasuwa da gidajen rediyo. Na farko a riƙa rubuta sakamako: wa ya kara da wa, a minti nawa, da wane kamu. Littafi ɗaya da biro sun isa, kuma bayan shekara uku zaɓen ayari zai daina zama na son rai. Na biyu a yawaita kokowar sada zumunci da maƙwabta, musamman Damagaram, domin ƴan tsakiyar ayari su saba da baƙin hannu. Na uku a fara horo da wuri, a kuma tanadi abin da ɗan kokowa zai bar wa iyalinsa. Kuɗin da ake watsawa a fili ranar da aka yi babban kaye, da an kashe rabinsa wata biyu kafin gasa, da ya fi haihuwa.

Mu kuma ƴan kallo, namu shi ne adalci. Cikin mutum 80 da ke shiga fili, 79 za su koma gida ba takobi. Faɗuwa ba shaidar cin amana ba ce, kuma zargin sayar da kokowa magana ce mai nauyi da ba a yin ta sai da hujja.

Kafin in bar fadar, saurayin ya sauko daga bakwai zuwa shida, dattijon ya hau daga huɗu zuwa biyar, bisa sharaɗin ƙuri'a ta yi kyau. Mai shayi ya rubuta alkawarin sukari a bangon shago da gawayi, ya ce kowa ya shaida. Sauran bayani sai an busa usur.